Tsakanin Tasha Biyu

A zauren kakana, a ƙasar Auyo,
rediyo ɗaya ce, kunnuwa sun rabu biyu.
Ni ce mai ɗaga waya sama in murya ta shaƙe,
in batir ya yi sanyi in shanya shi a rana.

Kawu Barau, wanda masaƙa ta sallamo daga Bompai
da tari a ƙirji da kuɗin wata biyu a aljihu,
shi ke murɗawa zuwa Masko.
"Ki ji da kyau," in ji shi, "can babu mai inji da bawan inji.
Hannun da ya saƙa zane shi ke da zane.
Shekara goma sha ɗaya ina saƙa atamfa,
Lantana ba ta taɓa ɗaura sabuwa ba.
Ribar da Alhaji ke ƙirgawa
gumina ne aka sake wa suna."

Kawu Datti, mai awo a kasuwar Gujungu,
sai ya bari yayansa ya fita alwala
ya murɗa zuwa Amurka.
"Akuyar gari da yunwa take kwana.
In gona ta kowa ce, wa zai tashi da asuba?
Kasuwa ta san kuɗin tiya kafin in kwance buhu.
Wane ma'aikaci ne, da biro a bayan kunne,
zai zauna a ofis ya yanke geron da Miga za ta ci baɗi?
Kuma ƙasar da ta ja katanga kada 'ya'yanta su fita,
me take dafawa a ciki?"

"Taka ƙofarta a buɗe, amma mai kuɗin mota ke fita."
"Gara in yi zaɓe in yi kuskure
da jam'iyya ɗaya ta zaɓa mini."
"Ƙuri'ar mai yunwa ta mai tuwo ce."

Kaka Hansai na tsakar gida tana sheƙe gurguzun yakuwa.
Ta ce, "Ni gurguzun da na sani daddawa ake yi da shi.
Jari kuwa, in shi ne hujja,
me talaka zai kai gaban alƙali?"
Ran da ta ji kowannensu ya tara makamin ƙare dangi
ta ajiye faifai.
"Masu gardamar yadda za a ciyar da mutane
me ya kai su tara abin ƙone gona?"
Ba wanda ya amsa. Rediyo na ta shuu.

Shekarar da kachalla ta toshe mana hanyar ruwa
Barau ya kira gayya.
Mutum arba'in suka yi alkawari, tara suka zo da lauje.
Datti yana cikinsu, ruwa har ƙugu, yana mita.
Da kaka ya saye shinkafarsu da araha,
da marka ya sayar musu ninki biyu,
ya aika wa Lantana tiya uku a ɓoye, da dare.

Daren da aka ce Tarayyar Sobiyat ta watse
na jira Datti ya yi dariya.
Bai yi ba. Ya kalli ƙasa.
Barau ya yi tari mai tsawo, ya tofar,
ya ce, "To. Sun faɗi.
Huhuna fa, wa zai biya?"

Barau ya rasu kafin masaƙar ta rufe.
Yanzu tirelar kamfani ke zuwa har bakin fadama,
ta kwashe shanshera tun ba a kai kasuwa ba.
Datti, da sanda, idonsa ya yi yana,
jiya ya kama hannuna a zaure:
"Su ke yanka kuɗi, su ke riƙe da sikeli.
Wannan kuma ai ba kasuwa ba ce.
Tasalla, me Barau yake cewa ne,
kan hannu da zane?"