Gujiya Mai 'Ya'ya Biyu

Teburina ƙafa uku gare shi, ta huɗun bulo ce,
a gindin dalbejiya, daura da ofishin magajin gari.
Shekara talatin da ɗaya ina buga kalma guda
a goshin takardun mutanen Maradi,
har harafin j na tafireta ya cinye,
sai in bi sawunsa da biro.

Yarjejeniya.

Jiya Tankari ya zo da Barmo
kan wata gona a bakin gulbi, hanyar Tibiri.
Aron damina uku, buhu huɗu duk kaka.
Barmo ya aza yatsa bisa kalmar, ya ce,
"Wannan doguwar fa, me ta haɗiye?
Ba na tura hannu ramin da ban leƙa ba."

Na ce, ɓare ta yadda kake ɓare gujiya.
Can ciki akwai yarda, tsohuwar gida,
wadda ta haifi yarje.
Na yarje maka, ka yarje mini,
shi ya sa bakin ke taka wuri ɗaya sau biyu,
je, je,
sawunka da sawunsa.
Wutsiyarta kuwa irin ta turereniya ce,
irin ta rigegeniya.
Ka taɓa ganin mai turereniya shi kaɗai,
in ba taɓaɓɓe ba?

Tankari ya yi dariya. Barmo bai yi ba.

Sai na ƙara da abin da ba malami ya koya mini ba,
kunnena ne kawai, kuma ya tsufa:
yarda da yar da, numfashi ɗaya ke tsakaninsu.
Ban taɓa ganin an tashi daga bencin nan da ita ba
sai kowa ya yar da wani abu ƙasa,
wani rabin buhu, wani girman kai,
wani tsohuwar maganar iyaka
da ya gada tare da hauya.

Barmo ya ce ubansa da uban Tankari
goro ɗaya suka fasa kan wannan gonar,
shaidunsu liman da wata Tsahara mai fura.
Duk sun kwanta dama.
Ba wanda ya ci wani ko zangarniya.

Na ce, ni ma na ga takarda mai hatimi uku
da gara ta cinye cikin adaka,
masu ita na raba hali a gaban alƙali.
Takarda kwanso ce, Barmo.

Ya daɗe yana kallon motocin Ɗan Isa na wucewa.
Ya ce a mayar da huɗun uku da rabi.
Tankari ya tsotsi haƙori, ya dubi sama, ya dubi ƙasa,
ya ce to.

Na sake zura takarda.
Suka dangwala babban yatsa, ɗaya kusa da ɗaya,
suka biya ni, kowa rabi.
Na bi su da ido har kwanar kasuwa,
Barmo na goge shuɗin tawada a gefen riga,
yana gogewa, tana nan.