Daƙiƙa Tara

Akwatin yana ƙasa, Inna tana sama,
tsakaninsu matakala goma sha huɗu,
gwiwarta kuwa ta ce ta yi sallama da su.
Haka gidajen Sheffield suke,
ɗaki bisa ɗaki, sun jingina da juna a kan tudu.

Baba Tanimu ne ya sayo shi
shekarar da na fara aikin dare a asibiti.
Baƙi, shafaffe, da jan ido guda.
Ya yi ta ɗura masa kamar mai cika rumbu:
masu zungurar ƙwallaye a kan koren tebur,
wani dattijo mai koyar da dashen tumatir
a ƙasar da rana ke zuwa kamar mai bin bashi,
hasashen yanayi na wata Talata da ta daɗe da wucewa.
Sai labaran yamma, ranar da kogi ya hau titi.
Yana nan a bayan mai rahoto,
iska ta juye masa lema, yana kokawa da ita,
daƙiƙa tara,
bai ma san ana ɗauka ba.

"Kawo mini shi nan," in ji Inna.
Ba akwatin take nufi ba.

Na kwafo fayil ɗin zuwa kwamfuta.
Girmansa daidai, sunansa daidai, ranarsa daidai.
Na buɗe, allo ya yi mini baƙi ƙirin.
Ashe duk abin da ya haɗiya, da kwaɗo yake haɗiye shi.
A falonmu aka naɗa, da kuɗin wutarmu,
da babban yatsan Baba a kan rimot,
amma makulli na aljihun wanda bai taɓa cin tuwonmu ba.
An ce wanda ya ɗaure kura shi ya san kwance ta.
Na kira su. Suka sa mini kiɗa minti arba'in,
sannan wata murya mai ladabi
ta ce an daina yin irinsa.

Ƙarfe ɗaya na dare na kifar da shi kamar kunkuru.
A cikinsa, ƙarƙashin ƙura, wata 'yar takarda,
lambobi ƙanana kamar ƙwan ƙwarƙwata,
daga su, aka ce, ake ƙera makullin.
Na haska da waya.
Wannan takwas ne ko ba?
Wannan sifiri ne, ko harafin da ya yi kama da shi?
Sau uku ina bugawa, sau uku ana kora ta.
Shayina ya yi sanyi, ya yi fata.
A na huɗu ba abin da ya yi ƙara,
wani shuɗin layi ne kawai ya fara jan ciki,
kashi biyu, kashi uku,
tafiyar hawainiya,
ina zaune a ƙasa da takalmin aiki.

Da asuba rauta tana ƙifta korayen idanu a bayan labule.
Na ce da ita, ɗauke shi.
Ya bi ta bango, ya bi ta silin,
mutumin da a ƙarshe sai ya huta sau biyu a matakalar nan,
yau ya riga ni hawa.

Inna ta gyara tabarau, ta ɗora allon a kan bargo.
Ga ruwa, ga mai rahoto, ga lema ta yi sama da ƙafafu.
Ba ta yi kuka ba.
Ta yi tsaki.
"Sai da na ce kada ya ɗauki wannan, ya ɗauki ta Lantana."
Ta yi shiru.
"Sake."

Na sake har sau shida.
Sannan ta ce in sa mata na yanayin ma,
muka zauna muna saurare, kafaɗa da kafaɗa,
wata mai jan kwat tana gargaɗinmu
cewa gobe za a tashi da ruwa.