Bin Sawu

A Bagalam, bayan shagon mai ɗinkin takalma,
na gina gari da baƙaƙe, ba bulo, ba laka.
Ɗaki dubu da ɗari huɗu, kowane da ƙofa.
Ka rubuta "gabas", ka faɗa kasuwar gujiya,
ka rubuta "kudu", ga rijiya da guga.
Babu hoto. Ido na karatu, zuciya na tafiya.

Mutum talatin ke shiga in dare ya raba,
daga Damagaram, daga Tawa, har wani ɗan Jibiya
mai rubutu da yatsa ɗaya.
Suka ce, "Tsahara, yi mana kare.
Ana sace raƙuma a garinki, ba mai bin ɓarawo."

Sai na koya wa na'ura halin Gulbi in ya kawo:
ba ya tambayar hanya,
maƙwabci yake taɓawa, sannan maƙwabcin maƙwabci,
inda ya jiƙa ya bar shaida don kada ya koma,
har ruwa ya lashi dugadugan wanda ake nema.
Daga nan a juyo da baya ana ƙirga ƙofofi.
Taku goma sha ɗaya. Babu gajeriyar da ta fi.

Ran Laraba aka ɗauke wuta,
na kai wa Kaka Hankurau shayi da fahariya.
Shekara arba'in ya yi bayan shanun sata
tsakanin Tibiri da Dakwaro.
Ya kurɓa, ya yi dariya har da tari:
"Karenki ya san inda mutum yake,
bai san inda ya bi ba.
Wannan duba ne, jikanya, ba bin sawu ba.

Sawu tsufa yake.
Na safe bakinsa da kaifi,
na jiya tururuwa ta ratsa shi,
na shekaranjiya sai wanda ya durƙusa.
Kuma ɓarawo bai taɓa bin gajeriya ba."

Na koma, na rushe rabin aikina.
Kowane taku na ɗaura masa lokaci a wuya
kamar laya.
Minti ɗari, ya dushe. Kwana guda, ya mutu.
Karena ya koyi shinshina, ya koyi kuskure,
ya tsaya a mararraba yana shakka,
yashi ya ruɗe shi, dutse ya hana shi labari.
Ɗan Jibiya ya ce yanzu wasa ya yi daɗi.

Saura layi ɗaya da ban faɗa wa kowa ba.

Nomau, ƙanena, shi ya fara shiga garin
tun yana da ɗaki bakwai.
Daren da zai hau motar Agadas
ya tsaya a rijiya, ya rubuta "arewa",
alhali ban gina komai a arewa ba.
Damina uku ke nan. Wayarsa a rufe.

Na ce wa na'ura: kowane sawu ki share,
ban da wannan.

Shi ya sa karen kan saki ɓarawo wani dare,
ya zauna bakin rijiya, hanci ga bango.
Su rubuto, "Tsahara, akwai matsala a nan."
In ce musu zan gyara
in wuta ta dawo.