Ƙugiyar Arzika

A Tawa, bayan tasha, babana Arzika
ya shekara talatin yana rubuta wa mutane suna.
Gwangwanin fenti, buroshin da ya rage wa gashi da reza,
allon tela, allon mai gyaran rediyo,
da ADDU'AR UWA a goshin kamiyo.
Daga ƙetaren titi ka san hannunsa:
ƙugiyar Ƙ ɗinsa takan sunkuya
kamar wuyan raƙumi a bakin rijiya.

Ni ina Yamai, ɗaki ɗaya da fanka mai kuka,
ina ɗinka wa ƴan kasuwa shafin intanet.
Hajiya Zuwaira mai zoɓo ta kawo aiki,
sunan kamfaninta Ɗanɗanon Ƙasa.
Na zaɓo haruffan Turai, sirara, masu tsada,
na buga.
Ɗ ta zama akwati. Ƙaramarta ma akwati.
Ƙ ta bi sahu.
Akwati uku, babu ko tsinke a ciki.

Na tsige ƙugiyoyin don a wuce wurin.
Kafin la'asar ta kira:
"Ɗiyata, ƙasa na ce, ba kasa ba.
Wa zai sha zoɓon macijiya?"

Ran Asabar na hau mota.
Na tarar yana ta rufe wa baba idon hagu,
hannun ya fara rawa.
Ba mai kawo allo yanzu, inji ke bugawa a leda.
Na bi gari da waya ina tsintar abin da rana ta rage:
rabin B a shagon da ya koma wurin caji,
R a jikin mataccen kamiyo, kaji na ƙwai a cikinsa.
Ƴ kuwa ko ɗaya.
Ya ce a zamaninsa ba a cika nemanta ba.
Ya zana mini ita da gawayi a bayan kwalin sukari,
sau huɗu, yana tsaki.

Wata biyu ina bin lanƙwasarsa a kwamfuta,
ɗigo bayan ɗigo.
Inda hannunsa ya karkace na miƙar,
sai harafin ya mutu.
Na mayar masa da karkatarsa.

Yau yana kan kwalaben Hajiya,
yana kan shafinta, yana aljihun baƙi
a garuruwan da baba bai taɓa takawa ba.
Na kai masa.
Ya kawo wayar dab da idon dama,
ya daɗe.

"Wa ya rubuta?"
"Kai."
"A'a. Dubi waɗannan a ɗin, kamar an haife su rana ɗaya.
Ni ban taɓa yin biyu iri ɗaya ba."

Ya miƙo wayar.
Ya tambayi nawa aka biya, ya gyaɗa kai,
sannan ya ce in sayo masa jan fenti,
sunan da ke ƙofar gida ya koɗe.