Shafi na Bakwai

A Bab Makka, layi na uku bayan masu dabino,
shagona taku shida ne, kuma hanci ke kawo mini mutane.
Shekara ashirin da ɗaya ban taɓa rataya allo ba.
Humra ta kira mai saye tun daga bakin titi,
sandal ya ƙarasa ciniki.

Da ƙafa ta ɗauke, alhazai suka koma saye ta waya,
na ƙirga wa wani yaro riyal dubu da ɗari biyar
ya gina mini shago a intanet.
Ya gina. Ya tafi Riyad. Lambarsa ta daina shiga.

Wata takwas ina jira, jiran ruwan sama a Jidda.
Daren Laraba na rubuta "turaren wuta" da yatsa ɗaya,
sai ga Bawazir maƙwabcina a sahun gaba kamar liman,
shi da bai san hawi ba, bai san farce ba.
Na latsa na gaba. Na gaba.
Shayina ya huce.
A shafi na bakwai na tarar da kaina
ƙarƙashin wani mai gyaran fanka.

Barira, 'yar ƙanwata mai karatun kwamfuta,
ta karɓi wayar tana ƙirga da baki,
ta kai sha huɗu kafin kwalba ɗaya ta gama bayyana.
"Kawu, wa zai tsaya?
Kowane hoto a nan buhun gero ne, ka ɗora wa kaza."

Ta ce injin bincike makaho ne mai sanda,
ba ya shaƙa, rubutu yake lalube.
Ni kuwa sunan kaya da farashi
duk a jikin hoto aka zana su.
Ya shafa bango, ya ji sumul, ya yi gaba.

Can sama, inda sunana ya kamata ya zauna,
an bar "Sabon Shafi 1".
Ashe da shi ake kirana wata takwas, ban amsa ba.
Ta taɓa "Saya", ƙofa ta buɗe kan kango:
huɗu, sifili, huɗu.
Haruffa a fuskar waya kamar kiyashi,
lambar wayata kuma an ci mata tara ɗaya.
A ƙasa, da farin tawada kan farar takarda,
turare turare turare, har sau sittin,
wai dabara ce ta jan hankalin makahon.
Ta ce ya daɗe da gane masu wannan ihu,
baya yake mayar da su.

Sai ta yi shiru. Ta karanta bayanin kajiji.
Ta buɗe na Bawazir. Kalma da kalma, har kuskuren.
Wannan kam ba yaron ba ne.
Ni na ce ya kwafo, don na ga nasa na tafiya.
Na duƙa ina gyara garwashin da bai mutu ba.

"To faɗa mini da bakinka, yaya ƙamshinsa?"
Na ce kamar ɗakin Inna a Gashuwa bayan la'asar,
an yayyafa ruwa a ƙasa, an ninke zannuwa.
Ta rubuta haka nan, da Hausa, da Larabci.
Muka kai asuba, kwalba arba'in da uku.

Yau sati biyar. Muna shafi na uku.
Bawazir na nan a samansa, muna gaisawa.
Ɗazu wata Hajiya Tasalla ta rubuto daga Maraɗi:
ita ma ɗakin kakarta haka yake,
a ajiye mata biyu, ɗanta zai zo Umra.
Kafin in amsa sai da na zuba kajiji a kasko,
na kara wayar kusa da hayaƙin.
Barira tana dariya. Ban fasa ba.