Lamba Ɗari Biyu da Shida

Tawadar takardar lauyata ko bushewa ba ta yi ba
aka ba ni tebur kusa da injin kwafi,
hawa na tara, birnin Baton Rouge.
Aka ce, "Celestine, ga mutanenki."
Na waiga, babu mutum ko ɗaya,
sai kwalaye, jere har rufi.

Mutum ɗari huɗu da sha ɗaya ke ƙarar kamfani guda
da ya zuba abin da ya zuba a ƙorama.
Muka nemi takardu, suka ce to,
suka aiko shafi miliyan biyu a tirela.
Mai son ɓoye allura ba rami yake tonawa ba,
rumbu yake ba ka kyauta.

Na karanta har lambobi suka fara tafiya kamar tururuwa.
Kofi ya huce, na sha a haka.
Aminiyata ta yi aure, na aika fure.
Bashin makaranta kuwa duk ɗaya ga wata yake gaishe ni,
bai taɓa makara ba.

Asabar nakan tuƙa zuwa bakin ruwa,
gidan Elray Guidry, lamba ɗari biyu da shida,
masuncin jatan lande, tafinsa kamar bayan kada.
Kwalekwalensa a kife, kaji na kwana ƙarƙashi.
Yakan bar tari ya gama nasa zancen
sannan ya ɗora:
"'Yata, yaushe za mu ga alƙali?"
"An kusa."
Damina huɗu ina faɗin an kusa.

Ran da aka ɗauki shaidarsa, lauyoyinsu bakwai suka zo,
takalma na ƙyalli, murya kamar man shanu.
Awa shida.
Ka taɓa shan taba? Me ya kashe mahaifinka?
Wace shekara kifi ya fara juya ciki sama?
Ya ce, "Shekarar da Odile ta daina girki da ruwan famfo."
Suka ce wannan ba kwanan wata ba ne.

Daren Laraba, biyu da kwata,
kwali na casa'in da uku,
tsakanin rasit ɗin fenti da jerin masu tafiya hutu,
wata 'yar takarda, layi biyu:
injiniya na cewa tanki yana yoyo.
A gefe, da jan biro, maigidansa:
"Bari sai baɗi."
Ban yi ihu ba. Na cire takalmi,
na zauna a ƙasa,
na riƙe ta da yatsu biyu kamar garwashi.

An ce shari'a mace ce mai ciki.
Tamu ta shekara shida tana naƙuda,
a ta bakwai aka yi mata aiki a ɗakin otal,
ƙofa a rufe, aka ciro sulhu.
Kuɗi tuli, amsa laifi babu,
sa hannu nan, ka kuma kama bakinka.
Manyan ofis suka tafa,
aka matsar da teburina kusa da taga.

Elray bai jira ba.
Ya riga cak ɗin tafiya da wata biyar.
Na kai wa Odile, ta juya shi gaba da baya,
ta ce, "Ina wurin da suka ce su ne?"
Na ce babu.
Ta ninke shi, ta danne da kwalbar gishiri,
ta zuba min shinkafa da jan wake,
ta tsiyayo ruwan sha daga jarka.
Na cinye tas. Ban san me zan yi ba in ba haka ba.

Litinin wasu kwalayen suka iso:
ƙarfen da ake dasa wa mutane a ƙugu
yana sakin tsatsa cikin jini.
Mutum dubu da ɗari.
An haɗa ni da sabon lauya, Tobias,
kwat ɗinsa ta fi shi faɗi.
Ya dubi rufi, ya ce, "Daga ina ake farawa?"
Na ce, "Kwali ba ya tari, zai jira.
Ɗauko mukullin mota."