Laraba a Rumfar Arzika

Ranar Laraba, in la'asar ta yi sanyi,
mukan taru a rumfar Arzika mai cajin waya,
kan hanyar da ta gangara bakin Kwara.
Mu huɗu ne, biyar in Hassi ta tashi aiki da wuri.
Babu mai shagon hoto a cikinmu,
ba wanda aka taɓa kira ɗaukar biki.

Nomau tela shi ke fara miƙo tasa:
buhunan albasa jere a tashar Yawuri,
rana na ratsa idon saƙa kamar garwashi.
Ya ce, "Kwana ukku ina gadin wanga haske.
Shidda da kwata yake zuwa, bai zama shan ruwa."
Arzika ya ce, "Ka yanke wa jaki ƙafa a gefe."
Nomau ya ce, "Wa ya gayyaci jakin?"

Hassi ba ta ɗaukar fuska.
Takalma take bi a ƙofar ɗakin haihuwa:
silifa mai ɗinkin zaren buhu,
wani ƙafa ɗaya a kife,
ɗan'uwansa can gindin famfo,
mai shi ya shigo a guje.
Muka yi shiru, waya na zagaya hannuwa.
Ba wanda ya ce a gyara komai.

Bagudu kuwa kyamarar kawunsa ce a wuya,
baƙa, mai nauyin dutsen guga.
Fim ya ƙare tun yana aji uku,
ya nema har Kwantagora bai samu ba.
Duk da haka yakan kanne ido, ya danna,
ta ce ƙyas,
Laraba ta zo ya wanke mana hoton da baki:
"Belbela bakwai kan bayan saniya ɗaya,
ta takwas na neman wurin sauka."
Har yau nasa ba su taɓa yin dishi-dishi ba.

Sai musu ya tashi kan ƙarin launi.
Arzika ya ce gishiri ne, miya na so.
Nomau ya ce, "Kai da ka mai da Kwara shuɗi
kamar an juye mata baba?
Ruwanmu kalar kunu ne, bar shi a kununsa."

Ni nawa na ɓoye shi sai ƙarshe.

Baba Anaruwa mai fito na tarar
yana kwarfe ruwa daga kwalekwale.
Na ce, "Baba, in ɗauke ka?"
Ya dube ni sama da ƙasa.
"Ka ɗauke ni ka kai ina?
Shekara arba'in ni ke ɗaukar mutane,
kowa na san inda na sauke shi."
Na rasa amsa. Ya ce in shigo.
Muna tsakiyar ruwa na ɗaga waya,
igiya ta daki gefen jirgi,
hannuna ya goce.

Ga abin da ya fito:
babu ido, babu hula,
hannu da filafili sun narke wuri guda,
ba ka sanin inda tsoka ta ƙare itace ya soma.
Arzika ya ce, "Goge, yana cin wuri."
Hassi ta riƙe wayar ta daɗe.
Bagudu ya ce, "Wannan irin nawa ne."

Washegari na biya ɗari uku aka wanke shi,
na kai wa Baba a mashigi.
Ya juya shi ƙasa, ya juya shi sama,
ya nesanta shi da ido tsawon kamu.
Ya ce, "Ni dai ban gan ni ba.
Amma ruwan ranar nan ne, na gane shi."
Ya naɗe shi a leda,
ya cusa ƙarƙashin katakon da yake zama,
ya ce wa masu buhunan shinkafa su matsa ciki,
jirgi zai tashi.